Tsofaffin Sulalla da Matsalar Hauhawar Maki: Abin da Ya Kamata Mai Saye da Mai Sayarwa Su Sani

A gidaje da yawa a ƙasar nan akwai tsohon gwangwani ko ƙasan adaka inda ake ajiye kuɗin da aka daina ciniki da su: anini mai huda, kwabo, taro, sisi, sule da fataka. A unguwannin Hausawa na Legas, kamar Agege da Idi-Araba da kewayen tashar jiragen ruwa ta Apapa, irin waɗannan sulalla sukan ratsa ta hannun 'yan gwangwan da maƙeran azurfa da masu sayar da kayan tarihi ga baƙi. Tun da wayar hannu ta yawaita, mai riƙe da su kan ga hoton irinsu a intanet, an rufe cikin ƙaramin kwanson roba mai ɗauke da lamba, an kuma ɗora musu farashi da dalar Amurka. Wannan lambar ita ce makin daraja, kuma kamfanoni ne na musamman suke bayar da ita. Sau da yawa ita ke yanke farashi. Amma masu wannan sana'a a duniya sun shafe shekaru suna kuka da cewa ana ba wasu sulalla makin da ya fi ƙarfinsu, kuma wanda ya saya a ƙarshe shi ke ɗaukar asarar.

Ma'aunin 1 zuwa 70

Abubuwa uku ke sa tsohuwar ƙwandala ta yi tsada: ƙarancinta, yawan masu nemanta, da kuma halin da jikinta yake ciki. Na ukun shi ne ake aunawa da maki. Wani Ba'amurke mai suna William Sheldon ne ya fito da ma'aunin a shekarar 1949, cikin littafin da ya rubuta kan tsofaffin kwabban Amurka. Ya tsara shi daga 1 zuwa 70. Manufarsa ta farko farashi ce: ƙwandalar da ta sami 70 ta ninka wadda ta sami 1 sau saba'in a kuɗi. Wannan lissafi bai daɗe ba ya rushe, amma lambobin suka zauna, har Ƙungiyar Masana Sulalla ta Amurka ta ɗauke su cikin ƙa'idojin da ta wallafa a 1977.

Maki 1 na ƙwandalar da ta suɗe ce ƙwarai, da ƙyar ake gane irinta. Daga 4 zuwa 15, an sha ciniki da ita amma ana karanta rubutunta. Daga 20 zuwa 45, yawancin zanen yana nan, sai wuraren da suka fi tudu suka goge. Daga 50 zuwa 58, gogewar kaɗan ce, kuma akwai sauran ƙyallin asali. Daga 60 zuwa 70 kuwa ana nufin ba ta taɓa shiga kasuwa ba, kuma ana rubuta haruffan MS kafin lambar, misali MS-63. Maki 70 na wadda ba a ga wani aibi a jikinta ba ko da an duba da gilashin da ke ninka girman abu sau biyar.

Mai tantancewa yana duban gogewa, da ƙarfin bugun tambari, da ƙyalli, da tabo ko ƙarzuwa, sannan da kyawun gani gaba ɗaya. Nan ne tushen matsalar yake. Nauyi da faɗi ana auna su da sikeli da ma'auni, amma kyawun gani ra'ayi ne na ido. Tazarar da ke tsakanin 64 da 65 kan kasance ƙaramin tabo guda a kumatun hoton sarki, alhali tazarar farashinsu tana iya zama ninki-ba-ninki. Dalar azurfa ta Amurka ta 1884, bugun San Faransisko, misali ce da ta shahara: a maki 50 'yan ɗaruruwan daloli take yi, a maki 63 kuwa sai dubun-dubata.

Kamfanonin tantancewa

Kafin a kafa waɗannan kamfanoni, mai sayarwa ne ke faɗin darajar hajarsa, kuma kowa ya san babu mai kushe abin da ya kasa. A 1972 ƙungiyar da aka ambata a sama ta buɗe sashen ANACS domin rarrabe na gaske da jabu, daga baya ya fara ba da maki a 1979. A 1986 aka kafa PCGS a jihar Kalifoniya, wanda ya yaɗa al'adar rufe ƙwandala cikin kwanson roba da ba ya buɗuwa sai an fasa. A 1987 aka kafa NGC, wanda hedikwatarsa take jihar Fulorida a yanzu. Waɗannan biyun su ne manya a duniya, kuma suna da rassa a Turai da Asiya.

Tsarin aikin kusan ɗaya ne. Mai ƙwandala ya aika da ita, ya biya kuɗin aiki gwargwadon darajar da ya kimanta mata. Masu tantancewa fiye da ɗaya su duba ta ba tare da sanin mai ita ba, a tsayar da maki, a rufe ta da takarda mai ɗauke da sunanta da shekararta da makinta da lambar shaida. Manyan kamfanonin suna da alƙawarin biyan diyya idan aka mayar musu da ita suka tabbatar jabu ce ko makin ya yi yawa.

Babu mai musun cewa tsarin ya yi amfani. Ya rage yawon jabu a manyan kasuwanni, ya kuma sa mutumin da ke Legas zai iya ciniki da na Landan ba tare da sun haɗu ba. Sai dai amincewar da ya haifar ita ce ta buɗe wata ƙofar, domin mutane sun koma sayen lambar da ke kan takarda, sun daina duban ƙarfen da ke ciki.

Yadda maki ke hauhawa

Hanya ta farko ita ce fasa kwanso a sake aikawa. Ɗan kasuwa mai kaifin ido ya sayi ƙwandala mai maki 64 da yake ganin tana gab da 65, ya fasa robar, ya mayar da ita kamar sabuwar zuwa. In ta dawo da 64 ya sake, har ranar da za a dace. Da zarar ta sami 65 ba mai ƙara fasa ta. Da haka, sannu a hankali, kowace ƙwandala takan tsaya a maki mafi girma da wani ya taɓa ba ta a ranar sa'arta. Masu kyau sun haura sama, raunana sun cika kowane mataki.

Wannan dabara tana ɓata ƙididdiga ma. Kamfanonin suna wallafa adadin sulallan da suka ba kowane maki, kuma da wannan ake auna ƙaranci. Idan aka aika da ƙwandala guda sau biyar ba a mayar da tsofaffin takardunta ba, sai ta fito a lissafi kamar guda biyar.

Hanya ta biyu ita ce gasa. Wanda ya aiko da kaya shi ke biyan kamfani, kuma zai fi son inda hannu ya fi sakewa. Kamfanin da ya tsaurara yana iya rasa abokan hulɗa. Ƙananan kamfanoni marasa suna sun fi faɗawa cikin wannan, wasu ma mai sayar da sulallan ne ke da injin rufe robar, yana ba kayansa makin da ya ga dama.

Hanya ta uku ita ce sauyin ƙa'ida. Akwai masu auna jikin ƙarfe zalla, akwai kuma masu la'akari da yadda kasuwa za ta karɓi abin, waɗanda kan yafe 'yar gogewa saboda kyawun launi ko shaharar ƙwandalar. Da tafiya ta yi nisa, abin da aka kira 58 a wani zamani sai a kira shi 62 a wani.

Hanya ta huɗu ita ce kwaskwarima. Akwai masu cike ƙarzuwa da wani sinadari, ko su shafa hayaƙi da magani don sauya launi, ko su goge tabo da dabara. Idan aikin ya tsallake idon masu dubawa, bayan shekaru sinadarin kan canza kala a cikin robar, asiri ya tonu a hannun wanda bai ji ba bai gani ba.

Abin da tarihi ya nuna

A ƙarshen shekarun 1980, wasu kamfanonin zuba jari na Amurka sun shiga harkar sulalla bisa tunanin cewa maki ya mayar da su kamar hannun jari. Farashi ya kai ƙololuwa a 1989, sannan ya faɗi warwas. A 1990 Hukumar Kula da Ciniki ta Tarayyar Amurka ta tuhumi PCGS da yaudarar jama'a cikin iƙirarinsa na cewa makinsa tabbatacce ne da ba ya sauyawa. An sasanta, kamfanin ya amince ya riƙa bayyana wa masu saye cewa shaidarsa ba ta kare su daga haɗarin kasuwa.

A 2003 jaridar Coin World ta bayyana sakamakon wani gwaji, inda ta aika da sulalla iri ɗaya ga kamfanonin tantancewa daban-daban, ɗaya bayan ɗaya. Babu ƙwandala ko guda da dukkansu suka haɗu a kan makinta. A 2007 dandalin ciniki na eBay ya taƙaita sunayen kamfanonin da ya yarda a tallata kaya da shaidarsu. A wannan shekarar ce kuma John Albanese, wanda yana cikin waɗanda suka kafa PCGS kuma shi ya kafa NGC, ya buɗe kamfanin CAC, wanda aikinsa shi ne ya sake duban abin da manyan suka tantance, ya manna ƙaramar alama koriya idan ya gamsu makin ya cancanta. Samuwar mai tantance masu tantancewa kaɗai ta isa shaida kan girman matsalar. A 2008 kuma manyan kamfanonin biyu suka gargaɗi jama'a cewa an fara ƙera jabun kwanson robar kansa.

Sulallan da ke hannunmu

Kafin zuwan Turawa, wuri ne kuɗin kasuwa a ƙasar Hausa, tare da dalar azurfa ta Mariya Tereza ta ƙasar Ostiriya. Baturen nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, da ya shigo Kano a 1851, ya rubuta cewa ana canza dala ɗaya a kan wuri 2,500. Gwamnatin mulkin mallaka ta hana shigo da wuri a 1904, sannan a 1907 ta fito da anini da kwabo masu huda a tsakiya, masu tauraro mai tsini shida da rubutun Larabci. Aninin farko da alminiyum aka yi shi, yana cikin kuɗin alminiyum na farko a duniya, amma bai jure yanayi ba, aka sauya ƙarfen a 1908.

A 1912 aka kafa Hukumar Kuɗi ta Afirka ta Yamma, wadda ta riƙa samar da kuɗi iri ɗaya ga Najeriya da Gana ta yanzu da Saliyo da Gambiya. Daga 1913 ta fito da taro da sisi da sule da fataka na azurfa, har zuwa 1920 lokacin da tsadar azurfa ta sa aka koma tagulla. A Ingila ake buga su, jiragen ruwa su sauke su a Legas, jirgin ƙasa ya haura da su Arewa lokacin kakar gyaɗa, gyaɗar kuma ta gangaro ta fita ta Apapa, inda aka kammala matsayar manyan jirage ta farko a 1926. Wannan layin dogo, wanda ya isa Kano a 1911, shi ne kuma ya raya Zangon Agege da fataucin goro. Saboda haka ba abin mamaki ba ne a tarar da waɗannan sulalla a gidajen jikokin fatake a Legas.

Babban Bankin Najeriya ya fara aiki ranar 1 ga Yulin 1959 da kuɗin ƙasa na kansa. An kafa kamfanin buga kuɗi na ƙasa a Legas a 1963. Ranar 1 ga Janairun 1973 aka koma naira da kwabo, kuma ƙwandalar kwabo 25 ta lokacin tana ɗauke da hoton dalar gyaɗa. A 1991 aka mayar da kwabo 50 da naira ɗaya ƙarfe, a 2007 aka ƙara da naira biyu.

Gaskiyar da ya kamata a sani ita ce mafi yawan waɗannan an buga su da miliyoyi, kuma waɗanda suka sha hannu ba su da tsada a kasuwar duniya. Kuɗin aika su waje da na tantancewa da na inshora kan zarce darajarsu. Masu tsada su ne waɗanda ba su taɓa shiga kasuwa ba, ko na wasu shekaru da aka buga kaɗan. Ana gane gidan bugu da ƙananan haruffa: H na kamfanin Heaton ne, KN na King's Norton, dukkansu a birnin Birmingham.

Akwai ruɗani biyu da suka yawaita. Na farko, dalar Mariya Tereza: shekarar 1780 da ke jikinta ita ce shekarar rasuwar sarauniyar, kuma an ci gaba da buga ta da wannan shekarar har zamaninmu, ɗaruruwan miliyoyi. Nauyinta kusan giram 28 ne, azurfarta kashi 83 cikin ɗari, kuma yawanci darajarta ba ta wuce ta azurfar da nisa ba. Na biyu, kwabon 1936 mai sunan Sarki Edward na Takwas, wanda ya yi murabus a watan Disambar shekarar. Kuɗinsa na Ingila ba su fita kasuwa ba, don haka suna da matuƙar tsada, amma na Afirka ta Yamma an buga su da yawa an kuma yi ciniki da su. Wanda bai san bambancin ba yana iya biyan kuɗin doki ya koma gida da jaki.

Hakan ba ya nufin babu dukiya a harkar. A 2011 an sayar da dinarin Banu Umayya na shekara ta 105 bayan Hijira a wani gwanjo a Landan kan fam miliyan 3.72. Amma irin wannan farashi na abin da ƙwayoyi kaɗan suka rage ne a duniya, wanda masana suka san tarihinsa.

Abin da ke zubar da daraja

Babbar asarar da masu gado ke jawo wa kansu ita ce wanki. Goge ƙwandala da toka ko lemon tsami ko man goge ƙarfe yana sa ta sheƙi a ido, amma yana cire fatar asali, ya bar ƙananan layuka da gilashi ke nunawa. Manyan kamfanonin ba sa ba irin wannan lambar maki. Sukan tabbatar ta gaske ce kawai, su rubuta aibinta, farashinta kuma ya faɗi. Haka hukuncin yake ga wadda aka huda ko aka liƙa wa maɗauri don ado, kamar yadda aka saba da sulallan azurfa a kwalliyar matan Fulani, da wadda aka lanƙwasa ko tsatsa ta ci. Iskar gishiri da danshin Legas ma suna saurin ɓata tagulla. Ana riƙe ƙwandala ta gefenta, a ajiye kowace daban a busasshen wuri.

Matsayin doka

Dokar da ta kafa Hukumar Kula da Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa a 1979 ta hana fitar da kayan tarihi daga Najeriya ba tare da izinin hukumar ba, ta kuma taƙaita cinikinsu ga wakilan da aka amince da su. Ma'anar kayan tarihi a dokar ta haɗa da abubuwan da aka tono a ƙasa da ayyukan hannu na gida da aka yi kafin 1918. Wanda ke da niyyar aika tsofaffin kuɗi waje, ta Apapa ko ta filin jirgin sama ko ta kamfanin aika saƙo, ya kamata ya fara tuntuɓar hukumar. Gidan tarihinta na Onikan a Legas, wanda aka buɗe a 1957, shi ne mafi kusa ga mazauna birnin. Babban Banki ma yana da gidan tarihin kuɗi a hedikwatarsa ta Abuja, inda ake iya ganin na gaske a kwatanta. Sashe na 21 na Dokar Babban Banki ta 2007 kuma ya haramta lalata kuɗin naira da sayar da su, na takarda da na ƙarfe, da hukuncin ɗaurin da bai gaza wata shida ba, ko tarar da ba ta gaza naira 50,000 ba, ko duka biyun.

Matakan kariya

Mai saye ya fara duba sunan kamfanin da ya ba da makin. MS-65 daga kamfanin da ba a sani ba, ba daidai yake da MS-65 daga PCGS ko NGC ba, kuma kasuwa ba ta biyansu kuɗi ɗaya. Ya shigar da lambar shaidar a shafin kamfanin na intanet, ya kwatanta hoton da ke can, in akwai, da abin da ke hannunsa tabo da tabo, domin masu jabu sukan kwafi lambar gaske su ɗora a kwanson ƙarya.

Ya nemi farashin da aka sayar da irinta a gwanjo, domin farashin da wani ya rubuta a talla buri ne kawai. Ya yi hattara da matakin da farashi ke tsalle: idan 65 ta ninka 64 sau da yawa, kuskuren maki ɗaya ya isa ya cinye jari. Ya tuna kuma cewa alƙawarin diyya yana da sharuɗɗa, kuma kamfanin da ake ƙara shi ne alƙalin da zai sake dubawa.

Mai sayarwa kuwa kada ya wanke komai, kada ya narkar da azurfa kafin ya duba shekara da harafin gidan bugu, kuma ya ji ta bakin masu saye fiye da ɗaya. Duk wanda ya ce a biya kuɗin rajista ko na tantancewa tukuna kafin ya kawo wani attajirin mai saye daga waje, hanyar 'yan damfara ya biyo. Hausawa sun ce ba a cinikin biri a sama. Lambar da ke kan roba ra'ayin ƙwararru ne a ranar da suka duba, kuma idan ranar sayarwa ta zo, ƙarfen da ke ciki mai saye na gaba zai ɗora wa gilashi.